Lemun Tsamin Farfesa

Da ƙarfe tara na safe na buɗe babban ɗakin taro, daga ni sai Atine mai shara. Ranar laccar shekara ce ta sashen fiziks, ni ne kuma mai kula da ɗakin. A teburin babbar baƙuwa na tarar da lemun tsami a jere, kowanne an soke shi da ƙusa, an ɗaure su da jar waya.

Ni ba yaro ba ne, na san sammu in na gan shi. Da farko na yi addu'a, sannan na kwashe su da tsintsiya, daga ƙarshe na binne su a bayan ɗaki.

Farfesa, babbar baƙuwar tamu, ta iso, ɗalibai har daga Argungu sun cika kujeru. Na tare ta na ce, "Ranki shi daɗe, an yi miki aiki, amma na karya shi."

Da ta ji bayani sai ta dafe kai. "Baba, batirina ne! Da shi zan kunna wa yara ƙwan fitila."

Na tono su da hannuna, shugaban sashe na tsaye yana riƙe ciki don dariya yana cewa, "Malam, mi kai muna haka?" Farfesa ta wanke su, ta sake haɗawa, ta ce ni zan riƙe wayar. Ƙwan ya kama, ɗaki ya ɗauki tafi, kuma na tabbata rabin tafin nawa ne.

Tun ranar har masu keke na garinmu Gwadangaji, Sarkin Bokaye suke kirana. In kun zo laccar bana, don Allah ku zauna inda na nuna muku, kuma kada wanda ya kawo mini tsarabar lemu.