Ranar da Si Layashi Ya Rubuta Mutuwarsa

"Wata uku a hannuna, ko akuya sai ta karanta jaridar Madrid!"

Da wannan sabon malaminmu na Sifaniyanci, Si Layashi, ya tarbe mu a ajin mata na ƙungiyar unguwarmu a garin Tetwan. Shekara biyu ya yi yana wanke faranti a Malaga ta ƙasar Spaniya, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya raɗa wa Sifaniyanci suna. Ɗaukar gwaji aka yi masa. In wata ukun suka cika, shugabarmu Hajja Mennana za ta ce ya zauna ko ya kama gabansa.

Ni na shiga ajin ne bayan na fita takaba. Mijina ya shekara talatin yana aikin gini a Spaniya, abokansa sun aiko wasiƙun ta'aziyya, ina so in karanta da idona.

Saura kwana biyu wa'adinsa ya cika na gaya masa burina. Ya daka tsalle.

"Lalla Rahimu, kin zo inda ake yi! Sabuwar kalma ba ta zama a ka sai a cikin labari mai sosa zuciya."

Sarkin iyayi ya zauna ya tsara sanarwar rasuwa da Sifaniyanci, har da hoto. Ta wa? Tasa! Wai babban malami, fitilar gari, ya kwanta dama. Da safe ya manna ta a ƙofar ƙungiya. Da muka zo ya sa muka kwafe ta tsaf, sannan muka hau bene, aji.

Gogan ya manta cewa tsofaffin Tetwan da Sifaniyanci suka yi wayo, tun zamanin da Spaniya ke mulkin garin. Mai gyaran takalmi ya karanta, ya yi salati, ya gaya wa mai burodi. Kafin la'asar an kafa rumfa a ƙofar gidansa, maƙwabta na ta shiga da akusan kuskus, matarsa ta suma sau biyu.

Hajja Mennana ta hawo bene tana share hawaye don ta sanar da mu. Sai ga mamaci a gaban allo, da alli a hannu.

"A'uzu billahi! Layashi, kai ne ko fatalwa?"

"Darasi ne, Hajja, sabuwar dabara! Tambaye su ki sha mamaki."

Ta juyo. "Ku kun karanta takardar nan?"

"Har mun kwafa," muka ce, mu goma sha biyu.

"Me ta ce?"

Ni da na san mutuwa ciki da waje, wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba.

"Lalla Zhor, ke ce gwanata," in ji shi, yana gumi. "Fitar da ni kunya."

Zhor ta gyara mayafi. "To, ni dai da na ga hoton, na ce takarar kansila ya fito. Har na yi niyyar zaɓensa."

Hajja ta zare allin daga hannunsa.

"Duk unguwa ta gane, sai ɗalibanka. Je ka gida, rumfa na nan a kafe. Zauna a yi maka ta'aziyyar aikinka."