Rasuwar Eulalie, Bindigar da Ba Ta Je Yaƙi Ba

Da zukata cike da baƙin ciki, da ɗan saura warin albarushi, iyalan gidan Thiriet na ƙauyen Vireval ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Eulalie, ƙaramar bindigar maigida Gaspard, mai ramukan harsashi shida, irin wadda ake ɗura wa albarushi da hannu. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi a kan teburin kicin, tana da shekara ɗari da sittin a bakin mai ita, hamsin da ɗaya a bakin gaskiya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekara da shekaru tana sauraron labarin yadda ta yi yaƙin basasar Amurka a ƙugun kakan Odile, uwargidan Gaspard, ba ta taɓa buɗe baki ta ƙaryata ba. Ba ta cuci kowa ba. Ko takardar da ake auna wa a filin ƙungiyar maharba da wuya ta taɓa ta. Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba: ƙas, ƙas, daram! Sai hayaƙi ya haɗiye Gaspard, sai tari.

Game da jinyarta, a yi mana afuwa in mun tsawaita. Kowane maharbi ya san albarushi maciyin ƙarfe ne, bindigar da ta yi harbi sai an wanke ta da ruwan zafi da sabulu a ranar. Ban da Gaspard. Shi cewa yake ƙarfen mutanen da ba ya tsatsa, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, don bai taɓa ganin tsatsar ba. Duk Lahadi in ya kishingiɗa bayan abincin rana, Odile ce ke kwance marigayiya, ta wanke ta bayan ta gama da tukwane, ta busar a tanda, ta shafa mai, ta mayar. A watan Satumba Odile ta zame ta karya kafaɗa. Wata biyu ƙarfen mutanen da yana kula da kansa.

Léonce, mai kula da filin harbi, shi ya fara duba mara lafiya. Ya haska ramukan da tocila, ya ja tsaki.

"Mutumina, ai cikinta ya zama cukun Turawa, huji ko'ina. Ka ɗura mata, ta tashi da yatsunka."

"Hassada ce ke cinka tun muna makaranta," in ji Gaspard. "Wadda ta ga yaƙi ce tsatsa za ta kayar? Ranar gasar harbi ta bikin Sainte-Barbe zan harba ta. Ka hana ni fili, bayan gidana ma fili ne."

Odile ta san mijinta, zai aikata. Ta kuma san abu guda ne zai tsayar da shi, abin da ta yi shekara hamsin tana rufewa. Ranar Asabar da ta ga ya baje albarushi da dalma a tebur, sai ta ɗauki wuƙar fere dankali da lafiyayyen hannunta, ta ɗaga sandar ɗuri da ke ƙarƙashin bakin bindigar, ta kankare baƙin fentin murhu da ita da kanta ta shafa tana amarya. Hatimi ya fito ɓaro-ɓaro: ƙirar Italiya ce, da alamar shekarar 1974.

Odile ta ce, "A kanti na saya maka ita a garin Charleville, tsoho. Ka buɗe kwali idonka na ƙyalli, ka ce, 'Tsohuwa ce, ko?' Na kasa ce maka a'a."

"To kakan naki fa?"

"Burodi yake gasawa. Ko teku bai taɓa gani ba."

Gaspard ya daɗe yana kallon hatimin. Can ya mayar da albarushi cikin gwangwani, ya rufe. A nan rai ya yi halinsa, Eulalie ta cika.

Ta rasu ta bar Gaspard, da yatsunsa goma cif, da rabin gwangwanin albarushi, da labari guda maraya wanda har yanzu ba a sami mai riƙonsa ba. Léonce, wanda aka daɗe ana gaya wa cewa kuɗinta zai sayi mota, ya ƙiyasta ta yuro tamanin, har da akwatin.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Léonce zai toshe ramukan shida, a rataye ta saman murhu, inda ba za ta ƙara jin labari ba. Akwai miyar albasa ga masu ta'aziyya, waɗanda ake roƙo kada su ambaci Italiya. Gaspard ya rantse shi zai yi wa gawa wanka da hannunsa, da ruwan zafi da sabulu. Odile za ta zauna kusa, ta nuna masa inda ake kunna butar dafa ruwa.