Ɗakuna Huɗu a Ƙirjin Marka

"Lahiya lau, amarya. Ya gajiyar asibiti?"

"Gajiya ta bi lahiya. Ina saƙona?"

Nafi'u ya jingine babur ɗinsa na kabu-kabu a jikin katanga, ya tsuguna gaban kakarsa Marka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a gidansu na Anka, ta jingina da buhun gero, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ta daɗe ba ta iya kwanciya, da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe mata. Jiya shi ya goya ta zuwa asibiti, likita ta zaunar da su ta yi musu dogon bayani, ta ba da magani, ta hana gishiri. Suna dawowa, Atine, uwar Nafi'u, ta kwashe duk gishirin da ke ɗakin tsohuwar. Shi ne Marka ta aiki jikan nata a ɓoye ya sayo mata wani.

Ya miƙa mata leda. Ta buɗe, ta ga tafarnuwa da citta da lemun tsami.

"Wanga mi ne? Gishiri da magi nac ce maka."

"An hana. Ko kin manta?"

"Wa yah hana? Yarinyar can da ba ta kai autata ba? Ni abin da naj ji tac ce, zuciyata ta yi girma. Yabo na ta yi. Tun ina budurwa anka san ni da babbar zuciya, shi ya sa nika zaune da miji irinka, wanda ko gishirin miya ya gagare shi."

"Ba yabo ba ne. Wahala ta sha har ta kumbura."

"Wahalarka ce."

"Tsaya in yi miki bayani, tunda kunnuwanki sun riga ki tsuhwa. Zuciya ɗaki huɗu gare ta."

Marka ta dafa ƙirji. "Nan ciki? Ni da nika kwana ɗaki guda mai yoyo? Su wa ka kwana cikinsu?"

"Jini."

"Duka huɗun? Shi kaɗai?"

"Biyu dama, biyu hagu. Jinin da ya gama yawo cikin jiki ya gaji, shi ka shigowa ta dama. Dama ta tura shi huhu ya sha iska. In ya sha ya komo ta hagu, hagu ta tunkuɗa shi ko'ina, har ɗan yatsan ƙahwa."

"Damar wa?"

"Damarki mana."

"Ita likitar gabana taz zauna tana nuna ƙirjinta. Damarta haguna ce."

Nafi'u ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi. Ya juya ya ba ta baya, ya sake duban hannun, sannan ya juyo.

"To, jinin dai ya san hanya."

"Shi ya sani, kai ba ka sani ba. Haka kaka ɗaukar mutum za shi Sunke ka sauke shi Adabka. To ita iskar, ta ina taka shiga jinin? Na yanke hannu ba adadi wurin yankan kuɓewa, ban taɓa jin ya sace kamar tayar baburinka ba."

"Ba irin wannan shigar ba ce. Tac ce huhu cike yake da 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai. Jini ya ratsa ta gehensu, ya ɗauki iska mai kyau, ya aje marar kyau, ke kuma ki hurar da ita waje."

"Marar kyau daga ina? Ni iska guda nika shaƙa, wadda kowa ka shaƙa."

"Jiki ka yin ta. Kamar hayaƙin salansa."

"Yanzu ni ce mai salansa?"

"Taki ma ta hwashe. Tarinki har bakin titi aka jin shi."

Ta ɗauki lemun tsami guda ta jefe shi da shi, ya cafe.

"Huhu dai na san shi," in ji ta. "Duk layya ni ka gyaran kayan ciki gidan ga. In ka jehwa shi tukunya ba ya nutsewa, zuciya kuwa ta tahi ƙasa. Ita ma na tsaga ta, na ga ramu-ramu. Amma ɗaki ba ƙohwa ai ba ɗaki ba ne."

"Akwai ƙohwa. Ta buɗe jini ya wuce, ta ruhe kar ya komo baya. Ƙarar ruhewar ce likita ka saurare da abin nan da tas sa kunne."

"Ni na zaci waya taka yi. Shi ya sa na yi shiru, kar in katse ta."

"Wa za ta kira a ƙirjinki?"

"Masu haya. Ba ka ce ɗaki huɗu ba?" Ta gyara zama. "To naj ji. Ina ruwan gishiri da wanga gini duka? Gishiri ciki yaka zuwa, ba ƙirji ba."

Nafi'u ya sosa ƙeya. "Gishiri na riƙe ruwa. Kin ga buhunsa da damina yadda yaka jiƙewa? In ya yi yawa jikinki, ruwa ya yi yawa cikin jini, zuciya ta kasa turawa, sai ya taru baya."

"Bayana?" Ta kai hannu tana laluben gadon bayanta.

"Ba wannan bayan ba. Ya taru huhu, ya taru ƙahwa."

"Huhu na sama, ƙahwa na ƙasa. Wane irin ruwa ne ka gangara sama da ƙasa lokaci guda?"

"Daidai nan ne na leƙa waje in duba babur."

"Wato ba ka ji ba."

"Ke da aka bayanin a kanki, mi kika yi?"

"Ina kallon ɗan kunnenta. Irinsa nika so ka sayo mani, in kana da zuciya ko mai ɗaki guda ce."

Ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗauki tsinke ya ja layi biyu. "Bari mu sake. Kin san layin gidan mai? In mai zubawa ya gaji, babura su taru bayansa. Hagu daga huhu taka karɓa, in ta gaji layi ya taru huhu, shi ne ba ki iya numhwashi. Dama daga jiki taka karɓa, in ta gaji layi ya taru ƙahwa."

Marka ta daɗe tana kallon zanen. "To ni wace ce ta gaji?"

"Ina jin duka biyun."

"Kuma har yanzu ba mu san wace ce dama ba."

"Ba mu sani ba."

Dariya ta kama ta, sai dariyar ta koma tari. Ta dafa buhu da hannu ɗaya, ta sunkuya gaba, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Nafi'u ya yar da tsinken, ya riƙe ta har tarin ya lafa. Sannan ya sa babban yatsansa ya danna ƙwaurinta, ya ɗage. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Wannan dai ba sai mun san dama da hagu ba," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ranar nan da sassahe da na iske ki bakin ƙohwa kina haki, laɓɓanki sun yi baƙi, na gaishe ki ba ki zage ni ba. Na hau babur na kai tasha, na kasa ɗaukar kowa."

Ta dubi ramin da yatsansa ya bari, ba ta dube shi ba.

"Na so in zage ka. Iskar ce ba ta kai ba."

"To ki bar gishiri ki sha magani, ki samu iskar zagi."

"Maganin nan hwa, tun jiya ni da makewayi mun zama ƙawaye."

"Ruwan ne ka hita."

"Na huhu ko na ƙahwa?"

"Don Allah kar mu koma can."

Ta yi murmushi. Ta ce ya miƙo mata ƙwayar da moɗar ruwa. Ta haɗiye tana yatsine fuska, ta buɗe baki ta nuna masa babu komai. Sannan ta sa hannu cikin ɗankwalinta ta zaro wani ƙulli, ta kwance. Dunƙulen magi ne da ɗan curin kanwa.

"Ungo. Kai wa Innarka, kar ka ce mata inda kas samo."

"Shi ke nan?"

Ta harare shi. Ta ɗaga gefen tabarma ta jawo wani ƙunshin takarda da mai ya jiƙa.

"Kilishin Gummi ne, ɗiyata Hure ta aiko mani. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Ci, tunda kai taka zuciyar ko aikin tunani ba ta yi."

Nafi'u ya buɗe ƙunshin nan take, ya ɓalli yanki ya kai baki, yana taunawa a hankali yana lumshe ido. Marka ta bi hannunsa da kallo daga takarda zuwa baki, ta haɗiye yawu, ta fashe da dariya.

"Marar imani. Juya mani baya ka ci."

Ya juya mata baya, ya ci gaba da ci.