Suman Malam Hashimu

A wata kwalejin kiwon lafiya aka yi wannan, ranar jarrabawar taimakon gaggawa. Mutum-mutumin robar da ɗalibai ke koyon ceton rai a kansa ya sha danna har ƙirjinsa ya lotsa ya ƙi tasowa, wato dai shi ma taimakon yake nema. Sai mai jarrabawar, Dakta Iliya, ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje ya roƙi shugaban wurin, Malam Hashimu, ya zo ya kwanta a matsayin wanda ya suma. Dattijon ya ajiye kwalaben jinin da yake aunawa, ya cire hula, ya miƙe a tabarma ya rufe ido. Ga alama ma bai ƙi hutun ba.

Zulai aka fara kira. Ta haddace komai tsaf: a jijjiga kafaɗar sumamme, a kira sunansa da ƙarfi, a kara kunne a ji numfashi. Bara ta faɗi, bana in ta sake sai gida. Ta shigo da kuzarinta, ta dubi tabarma, sai ga uban mijinta a kwance. Mutumin da ba ta taɓa kama sunansa ba; ko ɗanta da aka sa wa sunansa, Abba take ce masa.

Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa can nesa, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana?"

Sumamme, bisa ƙa'ida, bai amsa ba.

Dakta ya ce, "Zulai, ceto kika zo ko gaisuwa? Jijjiga shi!"

Ta ɗan muskuta gaba, abin da bai kai kamu ɗaya ba. "Baba, an tashi lafiya? Ya aiki?"

"Ki kira sunansa na ce!"

"Dakta, ai ya san sunansa."

Dakta Iliya ya dubi agogo, ya girgiza kai, ya cire marfin biro. "Shi ke nan, lokaci ya ƙare. Kin tsaya gaisuwa har mutum ya mutu a gabanki."

Idon Zulai ya cika da ƙwalla. Nan sai mamacin ya buɗe ido ɗaya, ya yi gyaran murya.

"Dakta, rubuta ta ceci rai. Da yarinyar nan ta kama kafaɗata ta ce 'Hashimu', da yanzu suman gaske kuke fama da shi."