Ragon Mai Jarrabawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Auna Makaɗa da Ba Su Mataki, Allah ya ƙara wa kunnenka lafiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ni ne Cindo, ɗalibin Ɗantsoho mai kalangun mahautan Maigatari. Hannun maigidana ya fara rawa, Sarkin Pawa kuma ya ce ni zan gaje shi in na kawo shaidarku ta Mataki na Ɗaya. Na je jarrabawa Gumel, jami'inku ya kayar da ni. Ga kukana, ranka ya daɗe.

Na ɗaya, an sa ni a ɗaki, an ɗora ni kan kujera, an ce kada in yi tsalle. Wa ya taɓa ganin mai kalangu zaune kamar mai jiran allura? Na haƙura.

Na biyu, jami'in ya ce in kaɗa abin da na fi iyawa. Abu ɗaya na iya, shi ne kiɗan da ke shaida wa gari an yi yanka. Na kuwa saki hannu. Kafin in kai tsakiya, mata sun aiko da kwanuka, layi har bakin titi.

Na uku, kuma nan zuciyata ke ƙuna. Mahautan Gumel suka ji takensu, suka fito da wuƙaƙe a guje, kunya ta kama su don ana kiɗan nama babu nama. Dabbar da ke kusa ita ce ragon layyar jami'inku, yana ɗaure a gindin tagar. Allah ya ba ka nasara, ni na ɗaure shi a can? Kalangu ne a hannuna ko wuƙa? Lokacin da jami'in ya gama rubuce-rubucensa ya leƙa, har an rataye cinya.

Na huɗu, ya rubuta wai kiɗana ba ya isar da saƙo. Ina roƙo cikin ladabi a tambayi ragon.

Ban ce jami'in bai yi rashi ba, na ma yi masa jaje. Amma da idona na ga ya ci tsire tsinke biyu yana hawaye, ya kuma nemi ƙarin yaji.

Yanzu Sarkin Pawa na shirin ɗauko wani makaɗi daga Gagarawa, ni ko na sayar da keken ɗinkina tun bara saboda wannan sana'a. A taimaka a ba ni matakina. In kuwa doka ta ce sai na sake zama, zan zo, hannuna ya ƙara faɗawa. Sai dai na ji jami'in ya sayi bijimi bana, to a gaya masa ya bar shi a gida.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Cindo Mai Kalangu,
Bayan mahauta, Maigatari, Jihar Kano, 1976.