Ranar da Gwiwata Ta Ci Amanata a Ƙarƙashin Makara

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a ƙasar Rogo, ko da na so. Aiki ne ya kai ni, muna kafa famfunan sola a ƙauyukan da ke tsakanin Karaye da Rogo. Ranar kayan aiki ba su iso daga Kano ba, sai na ce bari in hau wani dutse da na daɗe ina hange daga masaukinmu.

Direbanmu, Malam Sabo, ya dubi jan wandon motsa jikin da na saka, ya ce, "Injiniya, me ka ajiye a can saman?"

Na ce masa ai motsa jiki ne. (Ni da ko bene hawa biyu sai na tsaya a tsakiya kamar ina amsa waya.)

Dutsen nan daga nesa kamar tulin gyaɗa, amma da na kama shi na san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ga santsi, ga ƙaya, ga shi ko koko ban sha ba. Da rarrafe na ƙarasa. Wajen saukowa na ɓace hanya, na ɓullo ta bayan wani ƙauye, ƙafafuna suna rawa.

Nan na ci karo da jana'iza. Mutane na tafe da sauri, shiru, an nufi maƙabarta da makara a kafaɗa. Kun san yadda ake yi: wannan ya ɗauka ya ɗan taɓa tafiya, wancan ya karɓe shi, kowa na neman lada. Ya kamata in bi baya kawai. Amma na ji kunyar a ce ga baƙo, ƙato da shi, ya tsaya yana kallo. Na kutsa na karɓi makarar ta gaba, ɓangaren hagu.

Ban yi nisa ba jijiyar cinyata ta ɗaure. Na cije, na yi salati a zuci, na roƙi Allah ya kawo wanda zai karɓe ni. Kafin ya iso gwiwata ta kai ƙasa. Makarar ta karkata, tabarmar da aka rufa ta zame, na ga farin likkafani yana sulalowa wajen kaina. Hannuwa suka yi caa suka tare. Bai faɗi ba, alhamdu lillahi, amma saura ƙiris.

Babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Wani dattijo, wanda daga baya na ji yayan mamacin ne, ya gyara tabarmar da hannunsa, sannan ya ɗaga ni.

"Sannu, bawan Allah. Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Baba. Daga kan dutse nake."

"Dabba ta ɓace maka?"

"A'a... hawa kawai na yi."

Ya dube ni, idanunsa jajir. Ya ce, "Allah ya ba da ladan niyya. Zauna a inuwar nan. Ƙanena bai taɓa son a wahala saboda shi ba."

Suka wuce. Na zauna gindin ɗorawa na yi kuka, rabi na kunya, rabi na tausayin mutumin da na kusa kayarwa a tafiyarsa ta ƙarshe, ban ko san sunansa ba. Washegari na je gaisuwa da doguwar riga, dattijon ya matsa mini a tabarmarsa, bai tayar da zancen ba.

Har yau ina bin jana'iza. Sai dai kafin in miƙa kafaɗa, nakan fara shawara da gwiwoyina, domin na gane neman lada ma sai da ƙafa.