Rasuwar Akwatin Wi-Fi na Bas Mai Lamba Tara

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ya ƙi sauka, Tavion Beasley na kujerar baya yana sanar da rasuwar akwatin Wi-Fi na bas mai lamba tara, mai kwasar ma'aikata daga Toledo zuwa rumbunan kaya na bayan gari. An cire shi ranar Litinin. Bai bar wasiyya ba.

Marigayin ba mai sauri ba ne, amma bai taɓa tambayar kowa sunansa ba. Ka shigo, ka zauna, ya karɓe ka. Tun hunturu aka yanke wa Tavion layin waya. Ta wannan akwatin kaɗai yake ganin fuskar 'yarsa Nyla a Memphis kowace safiya, kafin uwarta Shanice ta kai ta makaranta.

Ya daɗe yana jinya. Zzz, zzz, kamar ƙuda a kwalba. Da an shiga ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa sai ya suma. Madam Loretta direba ta jira danja ta tsayar da su, ta miƙa hannu ta mangare shi: "Tashi, malalaci, mutane na da 'ya'ya!" Ya ce tit. Ya farfaɗo.

Ba cutar ce ta kashe shi ba. Gyara ne. Kamfani ya kawo sabo, fari tas, mai saurin tsiya, ko gada ba ta firgita shi. Sai dai ba ya karɓar mutum sai ya tura lambar sirri ta tes zuwa layinsa. Tavion ba shi da layi. Tsoho Wendell na kujerar gefe ya ce, "Da na ba ka tawa, ɗana, amma layi ɗaya waya ɗaya, ni kuma yau zan kalli kokawa a wayata."

Ranar Juma'a aka yi ganin ƙarshe. Nyla ta buɗe baki za ta nuna masa haƙorinta mai girgiɗi, aka shiga ƙarƙashin gada, hoton ya tsaya cak. Dama Shanice ta ja masa kunne: "Ka sake barin yarinyar nan tana gadin waya, Tavion, na daina ɗagawa. Gwada ka gani."

Marigayin ya bar Madam Loretta, da hannunta da ya rasa abin duka. Ya bar Tavion. Ya bar Nyla, wadda ba ta san da shi ba, don haka a wurinta babanta ne ya ƙi kira.

Babu jana'iza. Gawar tana cikin kwali a gareji, za ta tafi da tarkacen ƙarfe. Zaman makoki gobe a motar farko, kujerar baya ta hagu. Kada a kawo fure, kada a kawo abinci. Duk mai layi, don Allah ya zauna kusa da Tavion, ya buɗe masa intanet ɗin wayarsa, ko da daga gada zuwa rumbu ne.

Wataƙila haƙorin bai faɗi ba tukuna.